Bututun da Ya Tsaya a Ƙofar Maman Mary

Duk wanda ya zauna a wannan layi na ƙasan Kakuri ya san ƙosan Eunice kafin ya san sunanta. Maman Mary ake ce mata. Daga Kagoro ta zo tana amarya, mijinta na aiki a masaƙa. Da hannunsu suka buga tubalin ƙasa, suka tayar da ɗakuna uku a kan kwanar titi, daidai inda gangaren layin ya ƙare. Mijin ya rasu, 'ya'ya suka watse neman abinci, ta rage daga ita sai kaskon suya sai gidan. Ba ta da wani wurin sa haƙarƙari a duniya in ba nan ba.

Da soja suka koma bariki aka yi zaɓe, sai ga sabon kansila da babbar riga da alkawari. Wai ƙazantar layin ta ƙare. Hukuma za ta kawo manyan bututun siminti, masu gidaje su biya haƙa da yashi da magina, kowa gwargwadon faɗin gaban gidansa. Aka ja igiya aka auna. Gidan da ke kan kwana fa fuska biyu gare shi, don haka rabon Eunice ya fi na masu bene. Ta haɗiye, ta fara tarawa daga ribar ƙosai.

Inda aka cuce ta shi ne wajen farawa. Oga Sylvanus, shugaban masu gidajen layin, ya ce ai ba a tsallake manya, daga ƙofar dattawa za a soma. Dattawan nan kuwa duk a saman gangare suke, har da shi. Kowa ya gyaɗa kai, wai ladabi. Ladabin banza! Aka haƙa daga sama ana gangarowa, ana haɗa bayan gida da ruwan wankin kowa da bututun.

Ana tsaka da aiki aka ƙara kuɗin mai. Siminti ya tashi, yashi ya bi shi, har mai tifa ya fara yanga. Kafin a iso ƙasa, abin da Eunice ta tara ko rabin rabonta bai kai ba. Magina suka sa wa maƙwabciyarta Celina bututu na ƙarshe, suka kwashe shebur suka tafi. Celina mai kitso ce, ta sayar da keken ɗinkin aurenta kafin ta iya biya. Bakin bututun ya tsaya a buɗe, yana kallon bangon Eunice.

Ta hau gangare ta sami Sylvanus yana wanke mota.

"Oga, a sake raba abin da ya ƙaru mana. Ƙazantarku ce fa duka ke zuwa gindin bangona."

"Haba, Maman Mary! Mu mun biya namu tuntuni. Ki je wurin kansila."

"Kun biya lokacin da siminti ke araha, don ku kuka sa kanku a gaba! Kunya ba ta kama ka?"

Ya ci gaba da goge gilashi. Kansila kuwa kullum ya je taro.

Damina ta sauka. Da can ruwa kan bazu a layi, kowa ya sha rabonsa. Yanzu duk ya taru a wuri ɗaya, baƙi ƙirin, yana wari, yana dukan tubalin ƙasa. Masu sayen ƙosai suka ɗauke ƙafa, wa zai ci abu a bakin masai? Bango ya jiƙe har gwiwa, ya fara tsagewa. Duk layin Celina ce kaɗai ke zuwa da bokiti suna kwasa tare.

Ran nan hadari ya haɗu da rana tsaka, zuciya ta ciyo Eunice. Ta cika buhuna da ƙasa, ta danna su cikin bakin bututun, ta tattake da ƙafa.

"Kowa ya ci kashinsa!" ta faɗa da ƙarfi, don na sama su ji.

Aka tsuge da ruwa. A karon farko bangonta ya huta, ta tsaya a ƙofa tana huci. Sai ta ji ihu. Ruwan bai hau wurin Sylvanus ba, ina zai iya hawan gangare? Ta masan Celina ya ɓullo, ya cika tsakar gidanta, ya shiga ɗaki. Ga Celina tsamo-tsamo cikin ƙazanta har ƙauri, ta ɗora katifa a ka. Ba ta yi zagi ba. Ta dai dubi Eunice ta ce, "Yaya, ni?"

Eunice ta ji kamar ta mutu don baƙin ciki. Ta san abin da bangonta zai iya ɗauka, ta san ya kai ƙarshe. Ta ɗaure zani, ta shiga ramin har ƙugu, ta fizge buhunan ɗaya bayan ɗaya da hannunta. Ruwa ya ƙwace da ƙarfi ya nufi gidanta.

Kafin la'asar bangon ya zauna, ɗakuna biyu suka bi shi. Ita da Celina suna tsaye a titi suna kallo, ba wanda ya sauko daga saman layi.