Hoton Maiɗakina a Kwamfutar Abokina

Na ga abubuwa da yawa a rayuwata, wasu sun bi iska, amma abin da ya same ni a Gwandu wajen ƙarshen shekarun casa'in yana nan daram a raina, kuma na san da shi za a binne ni.

A lokacin ina koyarwa a wata firamare. Ina da aboki tun na ƙuruciya, mai shagon buga takardu a bakin kasuwa. Da tafireta ya fara, daga baya ya sayo tsohuwar kwamfuta daga Sakkwato, ya kafa wata doguwar gora a bayan shagon da eriya a samanta. Na ga gorar, ban taɓa tambayar amfaninta ba. Ni dai abin da na sani, kwamfuta ta rubutu ce.

Maiɗakina kuwa 'yar Kalgo ce, shekararmu tara da aure, 'ya'yanmu uku. A shekarar mahaifiyarta tana fama da ciwon ƙafa, don haka duk Alhamis takan tafi duba ta, ta dawo Asabar. Ni da kaina na ba ta izini.

Wata Litinin na kai tambayoyin jarrabawa a buga mini. Abokina ya zagaya yin alwala, ya bar kwamfutar a kunne. Ina ɗaga kai sai na ga fuskar matata ta cika gilashin kwamfutar. Tana dariya, irin dariyar da na daɗe ban gani a gida ba, a wani ɗaki da ban sani ba. Na matsa na ƙara dubawa. Ita ce, har ɗan tabon da ke haɓarta. Da na ji motsin butarsa sai na koma bakin ƙofa kamar yanzu na iso. Shi kuma yana shigowa ya yi sauri ya danna wani abu, hoton ya ɓace. Wannan saurin nasa shi ya ƙarasa ni.

Ban ce masa komai ba, ban ce mata komai ba. Da na buɗe baki a ranar, da magana ta ƙare kafin la'asar. Sai na zaɓi in zama ɗan sandan ciki a gidana. Na tuna abokina yana da babur, kuma yakan rufe shago ran Juma'a. Na tuna ya taɓa yaba miyar kukarta. Idan ta yi shiru in ce tunaninsa take yi, idan ta yi fara'a in ce ga dalili. Abinci ma sai na jujjuya shi kafin in ci.

Ran Alhamis da ta tafi, na shiga ɗakinta na bincike kwallayenta. A ƙasan ta ƙarshe na sami takarda a ninke, an rubuta da fensir, rubutu karkatacce: "Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya." Layi ɗaya, an maimaita shi har sau biyar. Matata ba ta taɓa shiga aji ba. Sai na yanke cewa abokina ne ya rubuta, ya ɓata hannunsa don kada in gane. Yau idan na tuna ina jin kunya, domin "kana" aka rubuta, ba "kina" ba. Malamin makaranta ne ni, amma zargi ya hana ni karanta kalma ɗaya daidai.

Washegari na zauna na rubuta wa baffanta, wanda ya ba ni aurenta, wasiƙa shafi biyu. Na zayyana duk abin da nake zargi, na ce idan ta sake zuwa Kalgo su riƙe ta. Na sa a aljihun rigata. Amma na ce kafin in aika sai na kalli idon abokin nan nawa.

Ran Asabar bayan la'asar na same shi shi kaɗai.

"Mi matata take yi cikin na'urarka?" na tambaye shi.

Ya dube ni, ya ɗan yi murmushi. "Ashe ka gani. Ni da nake ɓoyo sai na samu tawada in buga maka."

"Ina ka ɗauke ta hoto?"

Murmushin ya tafi. Ya ce, "Malam, zauna."

Ya juyo da akwatin kwamfutar, ya kwance murfin, ya nuna mini wani koren faranti mai faɗin tafin hannu, da wayar eriya a soke a bayansa. Ya ce kati ake kiransa, shi ke jawo talabijin ya kawo cikin kwamfuta. Ya kunna. Sai ga mai karanta labarai yana magana a wani ɗan lungu na gilashin, hoton yana ɗan yayyafi. Ya danna maɓalli ɗaya, mutumin ya daskare da baki a buɗe.

"Haka na kama ta," in ji shi. "An nuno matan Kalgo masu karatun yaƙi da jahilci. Na zaci da saninka take zuwa."

Ko a nan zuciyata ba ta saki ba. Na ce ya nuna mini sauran, in akwai. Ya buɗe su ɗaya bayan ɗaya: mata a jere a kan tabarmi, baƙin allo, wata malama da alli a hannu, sannan matata a tsaye tana nuna harafi da tsinke.

Ya mayar da murfin yana ɗaure kusoshi, bai dube ni ba. "Shekara talatin muna tare. Abin da ka ɗauke ni ke nan?"

Na tashi na fito.

Na isa gida na tarar ta dawo. Na tuɓe rigar na rataye, na yi niyyar in ƙona wasiƙar, sai hidimar yara da baƙi ta ɗauke mini hankali. Da safe na dawo daga gaisuwar wani maƙwabci na same ta zaune a gindin turmi, kayan wanki a gabanta, wasiƙar tawa a hannunta. Tana bin layi da yatsa, leɓunanta suna motsi a hankali. Ta kai shafi na biyu.

Na tsaya ina kallonta. Ta gama, ta ninke ta yadda ta same ta.

"Malam, wagga ita ce wasiƙa ta farko da na karanta da kaina."

Na ce, "Don mi ba ki faɗa mini kina karatu ba?"

"Na taɓa ɗaukar littafin ɗanka ina haɗa baƙi, ka yi dariya, ka ce in bar wa masu shi. Na so sai na iya in rubuto maka, ka gani."

Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta gama wankin tsaf, ta shanya, ta goya ƙaramin ta tafi Kalgo. Wata biyu ina biko. Baffan nata bai taɓa jin dalili daga bakinta ba, ni na faɗa masa da kaina, ina kallon ƙasa. Ta dawo, ta kuma ci gaba da karatunta har ta gama. Abokina ya yafe mini, muna gaisawa, muna zuwa sunan juna, amma hirar da muke yi a da ba ta sake dawowa ba har Allah ya karɓi ransa.

Abin da na koya shi ne, idan na ga abin da ban fahimta ba, in tambaya tun zuciyata ba ta fara ba ni nata labarin ba. Tambaya ɗaya na ƙi yi don girman kai, na cuci mutum biyu da ba su nufe ni da komai ba sai alheri.