Inda Aka Binne Uwar Tafiya

Mun tashi da asuba, ni da yayata, amma sai da rana ta fito sosai motarmu ta bar tashar Gummi. Yanzu ba direban da ke shiga hanyar Anka da sauran duhu. Sai an jira motar farko ta iso daga can, a tambayi direbanta yadda ya baro hanya, sannan a tayar. Muka zauna a kan benci muna jira, na saya mana ƙosai da kunu. Na cinye nawa, na ƙara da rabin nata, don ko kallonsa ba ta yi ba.

Bari in faɗa muku yadda tafiyar nan ta taso, tunda da yawanku kuna da hannu a ciki ba ku sani ba. Kwanakin baya na yi tambaya a shafina: in da kuɗi ba matsala ba ne, biza da jirgi ma haka, ina za ka so zuwa a duniya? Kun ba ni amsa har na gaji da karantawa. Masu Madina sun fi yawa, sai masu Dubai. Wani ya ce shi dai ya taɓa ƙanƙarar nan da ke zubowa a ƙasar Turawa ya ji ko da gaske ce. Ni kuwa da ban taɓa wuce Kaduna ba, na rubuta Istanbul da ƙarfin hali, sai ka ce ina da kawu a can. Da yamma ina karanta wa mutanen gida muna ta dariya. Inna ta ce ita a mayar da ita Arfa. Na juya wajen Yaya, tana tankaɗe, na ce ke fa? Ba ta ɗago kai ba.

"Ni bayan ɗakina ni ka son zuwa," in ji ta.

Na fashe da dariya. Na ce banɗaki kuma, Yaya? Ai ga shi nan, ko biza ba a nema. Ba wanda ya taya ni. Inna ta yi mini wani kallo da rabon da in gan shi tun ina yaro, Yaya kuwa ta ɗauki rariyarta ta shige ɗaki.

Yaya ta yi aure ne a wani ɗan ƙauye da ke bayan Dareta, a ƙasar Anka. Ba zan faɗi sunansa ba. Tana can a shekarar da gubar dalma ta shiga gidajen masu haƙar zinare. Maza su kawo duwatsu daga rami, mata su daka a tsakar gida, yara na wasa a cikin ƙurar. Ita ma ta daka, da hannunta, a turmin da take dakan hatsi. Ba wanda ya san akwai ajali a ciki. Ɗanta na fari ne ya fara kwantawa, da jijjiga, bai daɗe ba ya rasu. Ƙanwarsa kuma aka kai ta asibiti a Anka tare da uwar, suka yi makonni, ita ma ba ta tashi ba. Daga asibitin Inna ta wuce da Yaya Gummi, don ba ta cikin hayyacinta. Mijinta ma bai jima ba Allah ya yi masa rasuwa. Kafin ta sami ƙarfin zuciyar komawa, 'yan bindiga sun shiga tsakaninmu da wancan yanki.

Washegari Inna ta zaunar da ni ta warware mini sauran. A wajenmu mace ba ta zuwa maƙabarta, don haka Yaya ba ta san kabarin ko ɗaya daga cikin yaran ba. Abin da ta sani shi ne inda ungozoma ta binne uwar tafiyar kowannensu, wato mabiyiyar da ke biyo jariri, a bayan ɗakin aurenta, gefe da gefe. Kuma tana asibiti ne aka zo aka kankare ƙasar gidajen ƙauyen don a raba mutane da gubar, aka kwashe aka kai wani rami a bayan gari. Shekara goma sha wani abu ke nan tana tambayar kanta ko an haɗa da su an kwashe. Kunya ta rufe ni. Na je na ce mata ta shirya in kai ta. Inna ta ce mu je Anka mu tambaya, in an ce babu hanya kada mu yi gardama.

Motar ƙarama ce, mutum huɗu a baya, biyu a gaba. Kuɗin mota ya kusa ninka wanda na sani. Na tsaya ciniki har direban ya tambaye ni ko a kan jaki na saba zuwa. Kusa da Yaya wata dattijuwa ce da kwandon busasshen kifi a cinya, za ta kai kasuwa. Kafin mu kai Daki Takwas kowa ya zama kifi, har hular kaina. Ƙarshen damina ne, gero ya fitar da kai, dawa ta fi mutum tsawo. Sai dai in ka lura, gonakin bakin titi ne kawai aka noma. Daga ka ɗan miƙa ido ciki, sai ciyawa da sabara sun cinye kunyoyin bara da na bara waccan.

Shingaye ba iyaka, wani na sojoji, wani na 'yan sa-kai da bindigogin gargajiya da layu a damtse. A kowanne sai an leƙa fuskokinmu. Ban ji haushi ba, ni da nake da saurin fushi, don ganinsu ya fi rashinsu. Bayan mun wuce mararrabar da ke shiga Bukkuyum sai hanya ta yi shiru. Ba mota, ba babur, ba ko mai tallan gyaɗa. Direba ya kashe rediyo ya rage gudu, yana kallon gaba kamar mai neman allura. Kowa ya kama salati a ƙasa ƙasa. Mun jima a haka kafin wata motar itace ta ɓullo daga gaba, direbanta ya ɗaga mana hannu alamar lafiya. Sai ka ji numfashin mutum bakwai ya sauka a tare.

Don in kore tsoron da ya rage, na jefa wa 'yan motar tambayar nan tawa. Mai kifi ce ta fara amsawa. Ta ce a kai ta Madina, kuma kada kowa ya wahalar da kansa da kuɗin dawowa, mu ci gaba da abinmu. Aka yi dariya, har Yaya ta ɗan murmusa. Direba ya ce shi bai san sunayen ƙasashe ba, amma in akwai wadda direba ke tuƙi yana hira bai kallon daji, a rubuta masa ita.

Mun shiga Anka da hantsi. Garin ya cika fiye da yadda na san shi, kuma ba cikar arziki ba ce. Mata da yara a gindin kowace bishiya, a barandar kowane shago. Na sayi hoce mai zafi, gurasar dawar nan ta wajenmu, da ƙuliƙuli a bakin tasha, na lallaɓa Yaya ta ci ɗaya. Hocen ya ƙanƙance, kuɗinsa ya girma. Daga nan muka nufi inda masu babura ke ɗaukar mutanen ƙauyuka.

Da na faɗi sunan ƙauyen, sai suka kalli juna. Na ce zan biya na zuwa da dawowa, da na jira. Na ƙara, na sake ƙarawa, har na kai abin da ban da shi a aljihu. Babbansu, wani mai furfura a gemu, ya dafa kafaɗata.

"Malam, ko kuɗin kujerar Makka kab ba ni, ba ni zuwa. Ba rowa ta ba. Wanda duk yab bi hanyag ga, sai dai a tara mai kuɗin hwansa, in an yi sa'a."

Na so in yi musu, sai na tuna maganar Inna. Na juyo na ga Yaya tsaye da ɗan ƙullin kayanta, ta sa sabon mayafinta na zuwa biki. Ban san da bakin da zan gaya mata ba, kuma ba ta bukaci in faɗa ba, ta ji komai. Mutumin ya ga halin da muke ciki, ya ce ai mutanen ƙauyen ma ba su can. Sun taso tun bara, suna wasu gine-ginen da ba a ƙarasa ba a gefen gari. Ya nuna mana hanya.

Muka tafi a ƙasa. Ɗakuna ne ba ƙofa ba taga, an rataya buhuna da tsofaffin zannuwa. Yaya ta riƙa gane fuskoki ɗaya bayan ɗaya, waɗanda ta bari 'yan mata sun zama iyaye, waɗanda ta tambaya kuma rabi an ce sun rasu. Ana ta gaisuwa da koke-koke. Sai wata ta ce Gwaggo ma tana nan. Gwaggo ita ce ungozomar ƙauyen, ita ta karɓi haihuwar Yaya duka biyun.

Mun same ta a zaune a kan tabarma tana tsinkar ganyen tafasa da lalube, don idanunta sun tafi. Yaya ta durƙusa ta yi sallama. Tsohuwar ta tsayar da hannu, ta karkata kai.

"Wagga murya na san ta. Ke ta, 'yar mutan Gummi?"

Suka riƙe juna. Ni na koma gefe na tsuguna, don ba wurina ba ne. Sun daɗe suna jera gaisuwa da ta'aziyyar waɗanda suka rasu a tsakani. Na ga Yaya tana ta kewaye maganar, ta zo bakinta ta koma. Can dai ta sunkuyar da kai ta tambaya. Ba ta ambaci sunan yaron ba, don ɗan fari ne, har yau ba ta faɗin sunansa. Cewa ta yi na wancan da na ƙanwarsa, da aka zo kwasar ƙasa, an tafi da su?

Gwaggo ta lalubo hannunta ta ɗora a kan nata, daga yatsu har gwiwar hannu.

"Kin ga nan? Haka ni ka gina ramina. Su ko sama sama sunka kankare. Ina tsaye bayan ɗakinki rad da sunka zo, ban gusa ba sai da sunka ƙare. Da sunka zuba sabuwaƙ ƙasa, na ɗauko hwasasshen dutsin niƙanki na aza bisa. Suna nan inda kinka bar su."

Yaya ta rufe fuska da mayafi. Na ɗauka kukan sauƙi ne, har na fara yi wa Allah godiya a zuciyata cewa tafiyar ba ta tashi a banza ba. Da ta natsa sai ta tambayi wa ya rage a garin yanzu. Gwaggo ta ce babu kowa. Liman ne na ƙarshe, shi ma ya fito kafin azumi. Ko kaza ba a bari ba.

"Ashe su kaɗai anka bari ga garin," in ji Yaya.

Tsohuwar ta ci gaba da shafa hannunta. Can ta ce, su da Allah, ɗiyata. Ni dai na tashi na fita waje, don ban so matan su ga hawayena.

Ba mu jima ba, dole mu kama hanya kafin la'asar, don daga nan ba motar da ke fita. Na bar wa Gwaggo sauran hocen da ɗan abin da ya sawwaƙa. Ta yi mana addu'a har muka daina jin muryarta. A mota Yaya ta roƙi wani saurayi ya bar mata bakin taga, ya kuwa bar mata. Da muka fita gari ta tambaye ni ta wane gefe ƙauyen yake. Na nuna mata kudu. Ba abin da ake gani sai dawa da hadari yana haɗuwa a can nesa. Haka ta kafa ido har muka wuce mararrabar Bukkuyum, wuyanta a juye. Ruwa ya tsuge mana kafin Daki Takwas, direba ya ce a rufe gilashi, ta rufe, ba ta daina kallo ba.

Na yi tunani da yawa a hanyar nan, kuma yawancinsa haushi ne. Na taso ina jin cewa nisa da rashin kuɗi ne ke hana mutum zuwa inda yake so. Yau na ga wurin da babur zai kai ka kafin shayi ya huce a fulas, amma ba kuɗin da zai kai ka. Mutanen da na gani a gine-ginen nan duka haka suke. Ba wanda ya yi mini zancen wata ƙasa. Wannan gonarsa, wannan rijiyar ƙofar gidansu, wannan kabarin mahaifinsa. In kuna yi wa kanku addu'ar ganin duniya, ku sa su a ciki, Allah ya buɗe musu hanyar gida.

Mun iso Gummi ana kiran magariba, a jiƙe, a gajiye. Inna na zaune a bakin ƙofar ɗakinta da carbi. Ta dube mu ta gane ba mu kai ba, ba ta tambayi komai ba. Amma akwai maƙwabciyarmu da ta shigo karɓar wuta, ita ta ji dai an ce Yaya ta je garin mijinta. Ta yi mana sannu da zuwa, ta yi tambayar da ake yi wa duk wanda ya dawo daga tafiya.

"Kun baro mutanen can lahiya?"

Na buɗe baki in kawar da zancen, Yaya ta riga ni. Ta ajiye ƙullin kayanta a ƙasa.

"Suna nan," in ji ta. "Su biyu."