Ba Birki Ba Ne

Mashin ɗin Malam ya girmi wasu daga cikin jikokinmu. Ja ne a da, amma rana ta ci jan har ya koma launin bulo. Kujerar ta yage, ya ɗaure ta da tsohuwar roba. Salansar ta fashe tuntuni, in ya karyo kwana daga bakin titi duk layinmu na Tudun Wada an san mijina ne ke tafe, yara su kauce, awaki ma su kauce. Kuma ba ya tashi sai da kik. Da safe Malam zai turo shi ƙofar gida ya yi ta dukansa da ƙafa yana haki. Wata rana ya tashi, wata rana ya ƙi, sai ya mayar da shi zaure ya zauna yana yi masa faɗa ƙasa-ƙasa.

A kansa muke kai man gyaɗa da ƙuli-ƙulin da nake yi shagunan Nasarawo. Shi a gaba, ni a baya da jarka a cinya, don ban yarda a kai kayana ba na wurin ba. Daga nan bayan na fara ganin abin da ya hana ni sukuni.

Da ramuka abin ya fara. Hanyar da ya sani kamar yunwar cikinsa, sai ga shi yana faɗawa ramin da a da yake kaucewa ba tare da ya rage gudu ba. Sannan gaisuwa. Mutum zai ɗaga masa hannu ta hagu, Malam ya wuce shi kamar sun yi faɗa, alhali shi mutum ne da ko yaro ya gaishe shi sai ya amsa. A gida kuma in na ajiye masa buta ta wannan gefen, sai ya tambaye ni ina buta. Na dai koma mai surutu a kan hanya: ga rami, ga keke ta hagunka, ga yarinya da tire. Yakan ce, "Ke dai da kin samu, da ke za ki karɓi tuƙin." In ce masa ya dai kalli gabansa.

Ranar da ya faɗi ba na tare da shi. Ya dawo yana tura mashin, wandonsa a yage, ƙaurinsa na jini. Ya ce keke ce ta ɓullo masa, ya taka birki bai kama ba, ya daki bakin kwalbati. Na dafa ruwa na wanke masa ciwon. Ban tambaye shi ta wane gefe keken ta ɓullo ba, na sani.

Washegari babban ɗanmu ya zo daga Hammadu Kafi, inda yake zaune da iyalinsa. Ɗan farina ne, mu kuma yadda aka raine mu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta kallon idonsa, ba ta zama hira da shi. Kakarsa ce ta goya shi. In ya shigo ya gaishe ni, nakan amsa ina kallon aikin hannuna. Ranar ma gyaɗa nake tsincewa a faifai.

Ya duba ƙafar ubansa, ya leƙa zaure ya dubi mashin, ya dawo ya tsuguna.

"Inna, wannan mashin ɗin ya gama aikinsa. Zan saya wa Baba sabo."

Na ce wa faifan, "Wannan ɗin me ya yi?"

Malam ya karɓe. "Me ya yi? Birki ne babu. Na taka, na taka, kamar na taka tuwo."

Yaron ya yi dariya. "Na yanzu ko kik ba a yi musu, Baba. Maɓalli ne, ka danna da yatsa ya tashi. Ga shi ba ƙara, sai ka zo kan mutum bai ji ka ba."

Abu biyun da yake yabo, su ne biyun da suka tsare mini mutumin nan duk wannan lokaci. Ƙin tashin tsohon ne ke zaunar da shi a gida wasu ranakun, ƙararsa kuma ita ke share masa hanya.

Na ce, "A bar shi da wanda ya saba."

"Haba Inna. Ba kya so Baba ya huta?"

"Rabu da ita," in ji Malam. "Ita ko tsintsiya ba ta jefarwa sai ta koma tsinke ɗaya."

Suka yi dariyarsu. Na ci gaba da tsintar gyaɗa. Ba zan iya buɗe baki in faɗi rashin lafiyar uba a gaban ɗansa ba, balle wannan ɗan.

Duk da haka na so in tabbatar ba ni ce nake ƙirƙira ba. Na yafa mayafi na taka zuwa wurin bakaniken da ke duba masa mashin, wani mutumin Biliri da ke aiki a gindin dogon yaro bayan kasuwa. Sun daɗe tare, Malam na zuwa masa barka da Kirsimeti, shi kuma ba ya fashin naman Sallarmu. Da ya hango ni ya miƙe yana goge hannu.

"Mama, yau ke da kanki? Ko ke ma kin yi mashin ne?"

"Tambaya na zo yi, kuma ban son zagaye-zagaye. Birkin Malam lafiya yake?"

Dariyar ta bar fuskarsa. Ya jawo mini benci, na ce a tsaye zan ji.

"Birkin nan, Mama, ya fi nawa kamawa. Na canja masa don ya daina yi mini faɗa. Ya dawo ya ce bai yi ba, na sake canjawa."

"To me ka gani?"

"Ni ƙarfe nake dubawa."

"Ido fa, ba ka da shi?"

Ya sunkuyar da kai. "Rannan na miƙa masa makullinsa ta nan," ya nuna hagu, "ya bar ni da hannu a sama yana tambayata ina makulli."

Na gaya masa batun sabon mashin. Ya ja tsaki a hankali, ba ni yake yi wa ba. Ya ce sababbin nan da ka taɓa totur kaɗan sai su zabura, tsohon kuwa ko an murɗe shi duka, mai keke ma wuce shi yake yi. Sannan ya ce, "Amma ni ba zan ce wa yaro kada ya yi wa ubansa alheri ba. Wannan maganar cikin gida ce, Mama."

Na san gaskiyarsa ce. Na dawo gida da ita a kaina.

Bayan la'asar na sami Malam a ɗakinsa ya miƙe ƙafar mai ciwo. Na tura ƙofa, na zauna.

"Malam, idonka na hagu ba ya gani."

"Wa ya ce miki?"

"Ba wanda ya ce. A bayanka nake zama."

"To ki daina zama."

Ban tashi ba. Ya san halina, in na zauna na zauna. Can ya sauke murya.

"Gefe-gefe ne kawai, kamar hayaƙi. Tsakiya ina gani sarai."

"Keken da ta kayar da kai ba ta tsakiya ta zo ba."

"In na sauka daga kan mashin, me ya rage mini? In zauna a dakali ina amsa sallamar masu wucewa, in jira a zo a kai ni masallaci? Ni da nake kai mutane?" Ya juyo da kansa gaba ɗaya don ya gan ni da kyau. "Kada yaron nan ya ji. In kika gaya masa, ban yafe ba."

Tun da aka kawo ni gidansa bai taɓa furta mini wannan kalma ba. Mun yi faɗa iri-iri, ya ce mini mai taurin kai, na ce masa abin da ya fi haka, amma wannan daban ce. Na tashi na fita.

Kwanakin da suka biyo baya ban ji daɗinsu ba. Ƙafar ta warke, ya koma fita. Kullum da safe in na ji yana dukan kik, sai in tsaya da aikina ina roƙon Allah a zuci kada ya tashi. In ya tashi, in ɗauki mayafi in hau baya, ko ba ni da kayan kaiwa. Ya daina tsokanata a hanya. In na ce ga rami, ya kauce kawai. Na yi ta fatan yaron ya manta, ko wata hidima ta sha gabansa.

Bai manta ba. Wata Asabar da hantsi na ji hayaniya a ƙofar gida, ban ji ƙarar komai kafin ita ba. Na leƙa ta zaure. Ga shi nan baƙi, yana ƙyalli, ko ledar kujerar ba a cire ba. Maƙwabta sun kewaye shi, wannan ya shafa tanki, wancan ya leƙa madubi. Malam ya fito da farar rigarsa ta Juma'a. Ɗansa ya nuna masa maɓallin, ya ɗora babban yatsa ya danna, abin ya tashi yana huci a hankali kamar mage. Na ga fuskar mijina ta koma ta saurayi. Na daɗe ban gan shi haka ba, kuma sai da na ji tausayin abin da zan yi masa.

Ya hau ya gyara zama. Ya ce, "Bari in zagaya layi in ji shi."

Na dubi layin. Yara na ta guje-guje da tsohuwar taya, wata ƙarama na zaune a bakin hanya tana wasa da ƙasa, ta gefen hagu. Duk sun saba sai sun ji Malam kafin su gan shi.

Wani dattijo maƙwabcinmu ya ce a tsaya a yi addu'a tukuna, aka ɗaga hannuwa. A nan na samu sarari. Na ce, "Kai, zo."

Yaron ya waiga yana neman wanda nake kira, don ban taɓa kiransa a bainar jama'a ba. Na koma tsakar gida, ya biyo ni ya tsuguna. Na ce ya tashi. Na dubi fuskarsa sosai, sai na ga ashe har furfura ta fara fito masa a gemu, ni ban sani ba.

"Ubanka ba ya gani da idon hagu. Na daman ma gefensa ya fara rufewa. Ba birki ba ne ya kayar da shi."

"Tun yaushe, Inna?"

"An jima."

"Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Ga shi na gaya maka. Je ka zare makullin nan kafin a shafa."

Ya fita da sauri, na bi shi har bakin zaure. An shafa addu'a ke nan, Malam ya kama kan mashin. Yaron ya durƙusa kusa da shi, ya sa hannu ya kashe, ya ce, "Baba, a bari tukuna. Ba a yi masa lamba ba, kada a tare ka a hanya."

Mutane suka ce gaskiya ne, a bari a yi lamba. Malam bai dubi ɗansa ba. Ya juya kansa a hankali har ya same ni inda nake tsaye. Ya sauko, ya kakkaɓe rigarsa, ya yi wa maƙwabta godiya ɗaya bayan ɗaya, ya zo ya wuce ta gabana ya shige ɗaki.

A asibiti suka ce hawan jinin ido ne. Na hagun ya riga ya tafi, ba ya dawowa. Na daman ana iya riƙe abin da ya saura da maganin ɗigawa, muddin ba a yi fashi ba. Likitan ya ce batun tuƙi kuma a manta da shi. Sabon mashin yaron ya tafi da shi, shi yake hawa zuwa aiki. Tsohon Malam ya hana a sayar, ya hana a matsar. Man gyaɗata yanzu a keken haya mai ƙafa uku nake kai shi.

Abin da ya ji tsoro kuwa shi ya faru. A dakali yake wuni. Ya rame, riguna sun yi masa yawa. Mutumin da ya san kowane lungu na garin nan, yanzu sai wani ya zo ya ba shi labarin an buɗe sabuwar hanya. Matan layi wasu sun ce na kyauta, wasu sun ce da na bar shi da ɗan abin da ke sa shi farin ciki, kowa da ranarsa. Da za a mayar da ni bakin zauren nan, abin da na yi shi zan sake yi. Amma kalmar da ya faɗa mini a ɗakinsa bai janye ta ba, ni kuma ban roƙe shi ba, kuma mu duka biyu ba yara ba ne. Wannan nake tunawa in na idar da salla.

Maganin ba ya iya ɗiga wa kansa, hannun na kaucewa ya zuba a kunci. Ni nake sa masa. Yakan zauna a bakin gado ya ɗaga kai sama, ni in tsaya a kansa in buɗe fatar idon da yatsa. Yawanci ba ma magana. Rannan ina cikin ɗigawa, yana kallon rufin ɗaki, ya ce, "Yanzu dai hankalinki ya kwanta."

Na ce, "Bai kwanta ba. Daina ƙiftawa, kana zubar da shi."