Ranar da Na Rufe wa Yaya Baki

Ni mai fito ne, ɗan mai fito. A mashigin yamma da Haɗejiya muka tashi ni da yayana, jirginmu ɗaya. Shi mutum ne mai sanyi, ni kuwa tun ina yaro ake ce mini wutar kara. Ban musa ba, har yau da furfurata ban iya jiran mutum ya kai aya.

Shekarar da sarkinmu ya ɓata da Sakkwato, maganar fita daga biyayyarsu ta riga ta ƙare a fada. Abin da ya rage shi ne yadda za a fita. Aka aiko wa sarkin ruwa, shugabanmu masu fito, ya ji ta bakinmu a kan mashigai. A janye jirage yanzu, ko a jinkirta? Ya tara mu da hantsi a gindin tsamiyar bakin kogi.

Yaya ne ya fara magana, abin da bai saba ba. Ya ce a tura manzo. A ce wa Sakkwato da Kano gaisuwar shekara mun daina kaiwa, amma a bar hanya a buɗe har ruwa ya janye. Fatakenmu da suka kai bandar kifi su dawo, nasu da ke kasuwarmu su koma, duk wanda ke da wani a tsallake ya ɗauko abinsa. Ya ce ko tarun kamun kifi aka haɗa aka saƙa, ranar rabuwa warware ɗinkin ake yi, ba a sa masa wuƙa. Dattawa suka fara gyaɗa kai.

Ni kuwa jinina na tafasa. Na gaji da ganin kayan gaisuwa suna hayewa a jirginmu kowace kaka, ba abin da ke dawowa sai umarni. Na ce wanda zai fita ɗaki ba ya tambayar ƙofa izini. In muka ba su wata biyu, da mayaƙa za su cika mana mashigan. Wannan ba laifi ba ne, ra'ayi ne, kuma da a nan na tsaya da ina barci lafiya.

Sai dai na san abin da ke zuciyar Yaya. Matarsa ta tafi goyon ciki gidan iyayenta a ƙasar Kano, ta haifi 'ya mace, tana wankan jego. Saura kwana ashirin ta yi arba'in a dawo da ita. Kuma 'yar fari ce. Mu a gidanmu, da jinin Fulanin uwarmu, namiji ba ya ambaton ɗan fari. Ba ya kiran sunansa, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ko an ce ya faɗi a wuta sai dai ya kau da kai wani ya ciro shi.

Na juya na dube shi a gaban dattawa na ce, "To Yaya, faɗa mana mana. Wa ka bari a tsallake da kake son gari duka ya jira shi?"

Na san ba zai iya amsawa ba. Shi ya sa na tambaya.

Ya sunkuyar da kai yana tonon ƙasa da tsinke. Samari suka yi dariya. Sarkin ruwa ya jira shi, ya sake jira, sannan ya ce tunda mai magana ya yi shiru, za a kai wa fada cewa masu fito sun yarda a rufe. Kafin la'asar mun janye jirage kan tudu.

Na sha gaya wa kaina cewa fada ba ta jiran shawarar masu fito, ko me muka ce da an rufe. Wataƙila haka ne. Amma kwana ashirin kawai yake nema, ni kuma na hana shi ko da roƙo.

Yaƙi ya ci shekaru. Muka ji alƙalin can ya raba auren Yaya saboda daɗewar rabuwa. Yaya bai taɓa yi mini maganar ba, kullum muna jirgi ɗaya wajen kamun kifi, yana gaba ina baya. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Ciwon ciki ya ɗauke shi damina biyu kafin a buɗe hanya.

Bayan an shirya da Sakkwato, wata matar aure ta zo mashigi da goyo, tana tambayar gidan masu fito. Da ganin goshinta na gane 'yar Yaya ce. Muna tsakiyar ruwa ta ce, "Baffa, ya taɓa ambatona?"

Na ce, "Ko sau ɗaya."

Ta yi murmushi, hawaye na zubo mata. Ta ce, "To, ashe ya riƙe ni 'yarsa."

Da muka kai gaɓa ta durƙusa ta yi mini godiya, ta ce Allah ya bar zumunci. Na ce amin, na ɗaure jirgi. Ban gaya mata ba.