Ranar da Na Yi Ta'aziyya a Gidan Haihuwa

A shekarun da aka fara Shari'a a Kano, ni mai injin niƙa ne a Tarai, na haura arba'in da biyar, kuma sabon ɗalibi a ajin yaƙi da jahilci. Shekara ashirin ina tsaye a gaban injin nan, ƙararsa ta cinye mini kunne a hankali ban sani ba. Da na lura magana tana wuce ni, sai na koyi dabara: in mutum ya yi murmushi in ce madalla, in ya ɓata fuska in ce Allah ya kyauta.

Ƙanena ne ya gaji da yi mini ihu, ya kai ni asibiti a Kano, aka sa mini 'yar na'urar ji a bayan kunne. Ma'aikaciyar ta rubuta mini takarda da Hausa, ta yi dogon bayani, ta tambaye ni ko na gane. Na gyaɗa kai. Gaskiya rabin maganarta ban ji ba, takardar kuma ta fi ƙarfin karatuna na lokacin, amma girman kai ya hana ni faɗa. Washegari na maƙala abata na nufi kasuwar Rano don in gwada. Wayyo! Babura, awaki, lasifikar masu tallar magani, duk suka afka cikin kaina lokaci ɗaya. Ko sallamar mutane ban iya rarrabewa ba. Na cire ta, na naɗe ta cikin takardar, na jefa a ƙasan akwati, na ce an cuce ni.

Ina da amini, maƙwabcina, shekara talatin muna cin tuwo a kwano ɗaya. 'Yarsa ta zo gida haihuwar fari, naƙuda ta yi tsawo har kwana biyu, kowa hankalinsa a tashe. Da hantsi sai ga ɗan'uwan aminin nawa a kan babur da gudu, ya ɗago hannu ya kwaɗa mini magana ya wuce. Cewa ya yi ta haihu. Ni kuwa abin da kunnena ya kawo mini shi ne ta rasu. Na kashe inji, na sa hula, na shiga zauren aminina inda maza suka cika, na ɗaga hannu da muryar kurma, wadda ake ji har cikin gida, na roƙi Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta, ya ba mu haƙurin rashi. Na ga an yi tsuru-tsuru, na ɗauka baƙin ciki ne, na ƙara da fatan Allah ya haskaka kabarinta. Sai da liman ya ja ni waje ya yi mini alamar goyo da hannu sannan na gane.

Da abin ya tsaya nan, da dariya kawai za a yi. Amma kwana uku bayan haka zazzaɓi ya kwantar da mai jegon, uwarta ta ce mugun bakina ne. Ta warke, alhamdu lillahi, sai dai aminina ya daina zama a bencina, ko goron suna ba a aiko mini ba. Wannan ya fi kurumtar ciwo.

Na ciro takardar nan na kai wa malamin ajinmu. Ya karanta, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ai daga ƙarshe na fara. Ashe jadawali ne. Makon farko awa ɗaya da safe, awa ɗaya bayan la'asar, a ɗaki shiru. Sannan mutum ɗaya ya yi mini magana ina kallon bakinsa, daga baya ya koma bayana. Sannan labaran rediyo, in saurara in maimaita. Kasuwa kuwa ita ce layi na ƙarshe, bayan wata biyu. Malam ya ce takardar ce littafin karatuna daga ranar, kuma ba zan wuce layi ba sai na iya karanta shi da kaina.

Haka na bi, ban tsallake rana ba. A makon farko na ji ƙarar ludayi a tukunya, na tambayi maiɗakina ko dama haka take damun mutane, ta ce shekara ashirin kenan. Ita ke tsayawa a bayana kullum bayan ta gama shara, tana cewa baki, baƙi, kafa, ƙafa, in na kuskure ta ce tuwon dare ya ragu da loma ɗaya.

Da na kai layin ƙarshe, na je zauren aminina, na ba shi haƙuri, na karanta masa takardar da bakina. Na juya masa baya, na ce ya gwada ni. Can a hankali ya ce haihu, na ce haihu. Ya ce rasu, na ce rasu. Ya ƙara rage murya ya ce tsohon banza, na ce ai da ni da shi sa'o'i ne. Dariyarsa ce abu mafi daɗi da na'urar nan ta taɓa kawo mini.

Ga duk wanda kunnensa ya yi nauyi, ina roƙonsa kada ya gyaɗa kai a kan abin da bai ji ba. Ya ce a maimaita, ya bi jadawalin da aka ba shi daga layin farko, domin kunne ma sai an koya masa, kamar yadda aka koya mini baƙaƙe. Mai jegon nan yanzu 'ya'yanta huɗu, kuma har yau in ta aiko da niƙa sai ta ce a gaya wa Baba marigayiya tana gaishe shi. Nakan amsa, domin yanzu ina ji.