Hoton Inna Kulu

Duk wanda ya yi katin ɗan ƙasa a Birnin Ƙonni a shekarun tamanin, da wuya in ba Barmo ne ya ce masa "ɗaga haɓa" ba. Shagonsa na kusa da tasha, ɗan ƙuƙut, da labule mai zanen jirgin sama. Dogon mutum ne, maganarsa sai an roƙa. Ya ɗauki jandarmomi da amare da 'yan lakwal, wato 'yan makarantar boko, ya ɗauki leburorin siminti na Malbaza da girarsu fari fat. Har raƙumi an taɓa kawo masa. Mutum ɗaya ce ta gagare shi, ita ce wadda ta haife shi.

Barmo ɗan fari ne, Inna Kulu kuwa mutuniyar zamanin da ce a ƙauyen Dogarawa, ta riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Kakarsa ce ta goye shi. Tun da ya yi wayo bai taɓa jin sunansa a bakin Inna ba, bai taɓa haɗa ido da ita ba. In ya zo gaisuwa sai ta kau da kai ta ce wa ƙanwarsa Jummai, "Ce ma mutumen can ya ci tuwo tun bai huce ba." Kowa na yabon kunyarta, shi ma yana yabo, amma abin na ci masa rai. Sau ɗaya ya ɗaga mata kyamara, ta ja mayafi ta shige ɗaki, bai sake ba.

A damina ta 1991 tari ya kama ta, ta fara zubewa. Tsoro ya shigi Barmo, kada ta tafi ya rasa ko fuskarta.

Kyamararsa tsohuwa ce, irin wadda ake leƙe ta wata 'yar taga a gefe, ba ta cikin gilashin ɗauka ba. Ya tsallaka Sakkwato wurin Rabilu mai gyaran kyamarori, ya ce gilashi mai faɗi yake so. Rabilu ya ajiye masa biyu, lamba talatin da biyar da lamba ashirin da takwas.

"Ɗauki na hwarko," in ji Rabilu. "Wancan ya cika hwaɗi, tagarka ba ta gwada maka gehe, sai an wanke ka san abin da ya shiga. Kuma wanda duk ya hwaɗa gehe, kainai miƙewa shikai awa gora."

Barmo ya tsaya bakin ƙofa ya nuna wani shago. "In na dubi ƙohwar can, mai hurar ga tana shiga?"

"Da ashirin da takwas tana shiga."

"Shi nika so."

Rabilu ya dube shi da kyau. "Wai wa za ka ɗauka wanda ba ka iya dubi?"

Barmo ya naɗe gilashin a hankici, ya biya, ya kama hanyar Ƙonni.

Ranar sunan jaririn da aka haifa wa ƙanensa Hashimu, da hantsi, ya jera mutane a tsakar gida. Inna Kulu ta janye zuwa gindin rumbu da ƙwaryar wake tana tsinta. Ta ga inda kyamara ta dosa, ta san ba ta ciki, don haka ba ta rufe fuska ba. Barmo ya san sata zai yi, kunya ta kama shi. Ya manna ido a taga. Ya ga Hashimu da matarsa da jariri, Inna kam babu ita, sai dai yana fata. Ya danna sau uku.

Washegari ya shiga ɗakin wanki ya tsoma takarda a ruwan magani. Mutane suka fito a tsakiya suna dariya. Can a gefe ga rumbu ya karkace, ga Inna, kanta ya ɗan miƙe kamar yadda aka faɗa masa. Hannunta na cikin ƙwarya, ta bar tsintar. Ba jariri take kallo ba, mai hoton take kallo, ido cikin ido, da fuskar da bai san tana da ita ba. Ya wanke na biyu da na uku, duk haka. Ya zauna a ƙasa ya yi kuka, mutum mai shekara arba'in da ɗaya.

Bai nuna wa kowa ba, don kada ya tona ta. Ta rasu bayan an gama yankan gero. Sai ranar sadakar arba'in ya jawo Jummai gefe ya miƙa mata hoton, yana jiran ta yi mamaki. Ta duba, ta share hawaye da bakin mayafi.

"Yaya, mi as sabo nan?" ta ce. "Haka taka kallonka kullum in idonka ba ya wurinta. Duk gidan ga mun sani, kai ɗai ne ba ka taɓa gani ba."