Gulbi Ba Famfo Ba Ne

Jirgin fitonmu ba shi da gaba, ba shi da baya. Wani faffaɗan akwatin ƙarfe ne da aka shimfiɗa wa katako a kai, sai wata waya mai kauri da aka ɗaure daga wannan gaɓa zuwa waccan, ƙarti suna ja da hannu yana bi. Mota ɗaya yake ɗauka, mutane su cike duk inda motar ta bari, da jakunansu da buhunansu. In ka ce masa jirgi a gaban wanda ya taɓa zuwa Yawuri, dariya zai yi maka. Mu dai shi muka sani, kuma shi ne hanyarmu ta zuwa kasuwar Mafara muddin gulbi na da ruwa.

Tun zamanin En'e aka kawo shi saboda motocin gyaɗa da auduga. Mai kula da shi mijin yayata ne, wanda ake kira Sarkin Fito. Ba wanda ya naɗa shi. Wata Talata ya dawo daga kasuwa da rawani a ka, ya ce daga yau haka za a riƙa kiransa, mutane kuma suka ga musu da wanda zai ƙetarar da kai ruwa ba dabara ba ce. Ni kuwa ina suyar ƙosai a gindin wata ƙirya a bakin mashigin, kuma tunda ƙanwar matarsa ce ni, akwai wasa tsakaninmu. Abin da kowa ke jin tsoron faɗa masa ni nake faɗa, tun da safe, kafin mai ya yi zafi.

Dokarsa ɗaya ce: a kashe mota, a sa dutse a bayan taya, kowa ya sauko. Manyan mutane sun tsani wannan doka. Na ga alhazai da babbar riga ta sha sitati suna tsaye kafaɗa da kafaɗa da jaki, jakin kuma bai san girman kowa ba. Sau ɗaya jirgin ya taɓa nitsewa, a bakin gaɓa, da wata motar gishiri da aka yi wa lodin rashin imani. Ba wanda ya ji ciwo, sai dai gishirin ya tafi gaba ɗaya, kuma har yau akwai tsofaffin da ke rantsuwa kifin shekarar nan da ɗanɗanonsa ake kama shi.

Amma ba jirgin ne ya sa ake girmama Sarki ba. Sanin gulbi ne. Zai tsoma hannu ya ɗebo ruwa, ya shinshina, ya ɗan lasa, ya dubi kumfar da ke wucewa da tururuwar da ke hawa gaɓa da ƙwayayenta, sai ya ce an yi ruwa a Gusau, jibi gulbi zai kawo, kowa ya janye kayansa daga fadama. Jibin kuwa sai ya kawo. Ni na sha gaya masa ba lasar ruwa ba ce, direbobin da suka fito daga Gusau ne yake tambaya a ɓoye. Sai ya ce mai ƙosai ba ta san komai ba sai wake. Gaskiyar ita ce ko a ranar da ba mota ba ya kuskure, kuma manoma daga nesa suke aiko yara su ji abin da ya ce kafin su taɓa shuka a fadama.

Da aka fara aikin dam na Bakolori, jirgin ya ga duniya. Leburori daga ko'ina, motocin kamfani, Turawa jajaye da gajeren wando suna cin ƙosaina suna hawaye saboda yaji. Ba a taɓa fito irin na shekarun nan ba. Sarki ya ƙara tsawon rawani. Ana gaya masa wai bango ake yi can sama wajen Maradun da zai tsare gulbin, yana cewa to, Allah ya ba su sa'a, in sun gama su zo su ɗaure iska. Haka ya yi ta ƙetarar da masu gina bangon yana yi musu dariya.

Sun kuwa tsare shi. Wasu sun rasa gonaki a aikin nan, wasu sun rasa abin da ya fi gonaki, wannan ba labarin dariya ba ne, na bar shi a nan. Mu da ke ƙasan dam abin da muka gani shi ne gulbi ya rame, ya koma wani zare a tsakiyar yashi wanda akuya ke tsallakewa ba ta jiƙa ƙafa ba. Jirgin ya zauna daram a kan yashi. Motoci suka koma bi ta gefensa, suna kafewa, sai Sarki ya kwance wayar nan daga gaɓa ya riƙa jawo su da ita. Sarkin Fito ya koma sarkin turi, na kuma gaya masa haka. Jirgin kuwa bai rasa aiki ba. Mata suna shanyar tattasai a kai, maza suna sallar azahar, direbobi kuma suka gano nan ne kaɗai jak ɗin ɗaga mota ba ya lumewa, sai ya zama garejin mashigi.

Wata ranar Litinin cikin rani mai shela ya bi gari yana cewa an aiko daga wajen masu dam, gobe za a saki ruwa, kowa ya kwashe kayansa daga cikin gulbi. Mutane suka ji, amma ba su motsa ba sai da suka zo wurin Sarki, don shi aka saba tambaya. Akwai wani direba da akori-kurarsa ke kan jirgin, an ɗage ta an cire taya biyu ana jiran kaya daga Mafara. Shi ya fi kowa damuwa.

Sarki ya sauka har wurin zaren ruwan, ya ɗebo, ya lasa. Ya dubi gaɓa, tururuwa na harkarta. Ya ɗaga kai sama, ko tsinken gajimare babu.

"Gulbi ba hwamho ba na," in ji shi. "Ruwa daga sama shika zowa, ba daga ohis ba. In yaz zo gobe, ku tuɓe min rawanin ga."

Na ce masa girman kai dai rawanin tsiya ne, aka yi dariya. Amma washegari da safe ni da kaina na shanya tattasaina kaf a kan jirgin. Duk tsiyar da nake yi masa, a kan gulbi ban taɓa jin maganar wani sama da tasa ba.

Da hantsi ruwan ya zo, rana na tsaye ƙwal. Bai zo da ruri irin na damina ba, ba jan laka, ba itace, ba kumfa. Wani ruwa ne mai sanyi, garai-garai, yana tafe a hankali yana cin yashi. Mutane suka kwashi abin da hannu zai ɗauka suka hau tudu. Direban ya yi tsalle ya bar motarsa. Sarki yana zaune a kan jirgin, a bisa buzunsa, kuma akwai isasshen lokacin sauka, amma sauka na nufin gudu a gaban mutanen da ya rantse wa jiya. Muna kira yana cewa yanzu zai janye. Sai jirgin ya yi wani nishi ya ɗaga. Waya kuwa tana can nannaɗe a gindin ƙiryata.

Jirgin da tun da aka kawo shi bai san komai ba sai ƙetarawa, ran nan ya ga tsawon gulbi. Ya tafi yana juyi, da mota mai taya biyu, da tattasaina, da akuyar wani da ta hau cin tattasan, da Sarki zaune ya miƙe wuya kamar shi ya shirya tafiyar. Yara suka bi gaɓa da gudu. Yayata ta zube tana salati, ni kuma, Allah ya yafe mini, dariya nake yi har ina riƙe ciki, sai da jirgin ya sha kwana ya ɓace tsoro ya kama ni.

Can wajen Bakura ya kafe a cikin albasar wani bawan Allah. Akuya ta sauka lafiya. Motar sai da aka haɗa shanun huɗa aka jawo ta, direban kuma bai sake gaida Sarki ba. Jirgin bai dawo ba, don ba wanda ya san yadda ake mayar da shi sama. Ya zauna a gonar nan har maƙera suka fara yankarsa kaɗan-kaɗan, kuma kaskon da na ƙare sana'ata da shi daga jikinsa aka ƙera.

Sarki da ƙafa ya dawo, da la'asar, rawanin a hannu. Ba wanda ya tuɓe masa, shi ya cire. Daga ranar manoma suka daina aiko yara. Yakan zo ya zauna a gindin ƙiryar tare da ni, ni kuma na tanadi maganata, ina jira ya warware in tambaye shi ko famfon ya gyaru. Na juya ta a baki har ta yi daɗi.

Ya ɗan shuka dankali a bakin gaɓa, inda danshi ya rage. Wata safiya, bayan mai shela ya sake wucewa ta cikin gari, ya zo muka gaisa, ya tambayi gida, ya tambayi gajiya, ya sake tambayar gida. Ya jira har mai sayen ƙosai na ƙarshe ya tafi, sannan ya rage murya.

"Ke, wanga mai shela, yaushe yac ce za su buɗe?"

Maganar tawa tana kan harshe, amma tausayinsa ya hana ni. Mutumin da gari guda ke tambaya, yau shi ke tambayar mai ƙosai. Na ce masa Talata.

"Talata," in ji shi. Ya gyaɗa kai, sannan duk da haka ya ɗaga ido ya dubi sama.